Lulluɓin matokarin jijiya: tsakanin hana tsukewa da barin miki ya warke

1. Gabatarwa

Ranar 16 ga Satumba 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwis, likita Andreas Grüntzig ya zura wani siririn tiyo mai balan a bakinsa cikin jijiyar zuciyar wani majinyaci. Da ya hura balan ɗin, jijiyar da kitse ya tsuke ta buɗe ba tare da an tsaga ƙirji ba. Dabarar ta bazu da sauri, amma ta zo da nata aibi: cikin wata shida jijiyar takan sake tsukewa wajen mutum uku zuwa huɗu cikin goma. Wannan ya sa aka yi tunanin barin wata ƴar ragar ƙarfe a wurin domin ta tokare bango. A 1986 Jacques Puel a Tuluz da Ulrich Sigwart a Lozan suka fara dasa irin wannan raga a jijiyar zuciyar ɗan Adam.

A cikin wannan takarda za mu duba abin da ake shafa wa ragar a bayanta, da yadda shi ke canza amsar da jiki yake bayarwa. Ra'ayin da muke son kafawa ɗaya ne: jijiyar da aka sa wa ƙarfe miki ce, kuma lulluɓi mai kyau shi ne wanda ya rage wa mikin yawan tabo ba tare da ya hana shi rufewa ba. Tarihin shekara talatin na wannan fanni, da nasarorinsa da kurakuransa, neman wannan matsakaici ne.

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Ragar, wadda likitoci ke kira sitent, mun kira ta matokari, siraran ƙarafunanta kuma sanduna. Abin da ake shafa mata, lulluɓi. Komawar jijiya ga ƙunci bayan an buɗe ta, watau restenoz, mun ce sake-tsukewa. Ana ƙirga ta idan hoton jijiya ya nuna faɗin hanyar ya ragu da rabi ko fiye. Sai jituwa da jiki. Taron masana da aka yi a Chester ta Ingila a 1986 ya bayyana ta da cewa ita ce iyawar abu ya yi aikin da aka sa shi tare da amsar jiki da ta dace da wannan aiki. Mu lura, ba a ce jiki ya yi shiru ba. Cewa aka yi amsarsa ta dace.

2. Abin da ke faruwa idan ƙarfe ya shiga jijiya

Cikin lafiyayyar jijiya shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta jeri ɗaya tak, ana kiran su andotaliyom. Mu za mu ce shimfiɗar ciki. Tana fitar da sinadarai, irin su oksid nitirik da purostasikilin, masu hana jini daskarewa, masu kuma hana ƙwayoyin tsokar bango, waɗanda ke ƙarƙashinta, hayayyafa. Hura balan da danna matokari suna kankare wannan shimfiɗa, suna tsaga bangon.

Daga nan amsar jiki takan zo daki-daki. Cikin daƙiƙoƙi furotin na jini, musamman fibirinojen, suna manne wa ƙarfen. Cikin awoyi filaket, ƴan ƙananan ƙwayoyin da ke fara haɗa gudan jini, suna kamawa a kan wannan furotin. Cikin kwanaki fararen ƙwayoyin jini suna taruwa, kumburi ya tashi. Cikin makonni da watanni ƙwayoyin tsokar bango suna barin mazauninsu su gangaro ciki, su hayayyafa, su zuba nama mai kauri a kan sanduna. Wannan shi ne naman tabo, kuma yakan kai iyakar kaurinsa wajen wata shida. Wanda ya taɓa ganin tabon da ya taso ya wuce bakin rauni a fata ya ga kwatankwacin abin, sai dai a nan tabon cikin bututu yake girma.

Bayan balan kaɗai, abu uku ke tsuke jijiya: dawowar bango nan take kamar roba, ƙanƙancewarsa a hankali, da naman tabo. Matokari yana kawar da biyu na farko, amma yana ƙara na uku. Gwaje-gwaje biyu da aka buga a 1994 sun nuna ribar da ta rage bayan an cire wannan hasara. A gwajin BENESTENT sake-tsukewa ta sauko daga kashi 32 cikin ɗari da balan zuwa 22 da matokari; a gwajin STRESS daga 42 zuwa 32.

Ɗan lissafi zai nuna mana nauyin lamarin. Matokari marar lulluɓi yakan rasa kimanin milimita 0,8 na faɗinsa saboda tabo. A jijiya mai faɗin milimita 3, hanyar ta koma 2,2, filin da jini ke bi ya sauko daga murabba'in milimita 7,1 zuwa 3,8. A mai faɗin 2,5, hanyar ta koma 1,7, fiye da rabin filin ya tafi. Shi ya sa ƙananan jijiyoyi, da dogayen tsukewa, da masu ciwon sukari, waɗanda tabonsu ya fi yawa, suka fi fuskantar komawar ciwo.

Abin da ke rufe wannan babi shi ne dawowar shimfiɗar ciki a kan sanduna. Idan ta rufe su, jini ya daina ganin ƙarfe, ƙwayoyin tsoka kuma suka lafa. Ke nan haɗari biyu ne a gefe biyu: warkewar da ta yi yawa tana tsuke jijiya a hankali, warkewar da ta gaza tana barin ƙarfe tsirara, gudan jini ya toshe hanya farat ɗaya. Na farko yakan dawo da ciwon ƙirji a sake aiki. Na biyu yakan kashe ɓangaren tsokar zuciya, watau anfarktus, wani lokaci ya kashe majinyacin.

3. Lulluɓi marar magani

Tunanin farko mai sauƙi ne: a ɓoye ƙarfen. Matokaran farko da ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L aka yi su, mai ɗauke da nikel da kurom da molibden, kuma ana zargin waɗannan da tayar da kumburi. Sai aka gwada rufe su da abubuwan da ake ganin jiki ba zai damu da su ba.

An gwada heparin, maganin hana daskarewar jini, a manne shi a jikin sanduna. A gwajin BENESTENT II, wanda aka buga a 1998, toshewar matokari da gudan jini a makonnin farko ta tsaya a kashi 0,2 cikin ɗari, alhali a BENESTENT na farko ta kai 3,5. Sai dai da balan aka kwatanta shi, ba da matokari tsirara ba, kuma majinyatan suna shan asfirin da tiklopidin, haɗin da a waɗannan shekarun ya sauko da toshewar ƙasa da kashi 1 ko ba lulluɓi. Saboda haka ba a iya ware rabon heparin a cikin nasarar ba. An kuma gwada karbon, da karbir na silisiyom, da fosforilkolin mai kwaikwayon bayan jajayen ƙwayoyin jini. Ba su yi ɓarna ba, amma ba su kawo ragin sake-tsukewa mai gamsarwa ba.

Darasi mafi ɗaci daga zinariya ya zo. Zinariya ba ta tsatsa, tana fitowa sarai a hoton radiyo, kowa yana zaton babu abin da zai fi ta jituwa da jiki. A shekara ta 2000 Adnan Kastrati da abokan aikinsa a Munik suka buga gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a: sake-tsukewa ta kusa kashi 50 cikin ɗari da matokari mai zinariya, 38 da irinsa marar zinariya. Binciken da aka yi kan aladu bayan haka ya nuna cewa gasa lulluɓin bayan shafa shi, wanda ke gyara santsinsa ya kawar da dattin da aikin shafawa ya bari, yana rage wannan illa. Watau sunan sinadari bai isa ba. Yadda aka shafa shi da yadda fuskarsa ta fito suna da nasu hukunci.

Abu biyu suka ƙara fitowa a wannan zamani. A 1996 Willem van der Giessen na Rotardam da abokansa suka dasa polimer iri takwas a jijiyoyin zuciyar aladu, biyar masu narkewa, uku marasa narkewa, waɗanda duk sun ci jarrabawar ɗakin bincike. Mafi yawansu suka haifar da kumburi mai tsanani da tabo mai kauri. A 2001 kuma gwajin ISAR-STEREO ya kwatanta matokarai biyu masu zubi kusan ɗaya, ɗaya mai sanduna kaurin mikron 50, ɗaya mai 140. Sake-tsukewa ta kasance kashi 15 da siririn, kusan 26 da kakkauran. Gashin kan mutum yana tsakanin waɗannan awo biyu. Bambancin da bai kai gashi biyu ba ya yi abin da heparin da karbon suka kasa.

4. Lulluɓi mai magani

Da ɓoye ƙarfe ya gaza, sai aka juya ga ƙwayoyin tsoka kai tsaye. Aka mai da lulluɓi rumbun magani: polimer ya riƙe maganin, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin bango a daidai makonnin da tabo ke tasowa. Da haka ake samun magani mai ƙarfi a wurin miki ba tare da ya cika jini ba.

Magani biyu aka fara da su. Sirolimus, wanda ake kira rafamisin, daga wata ƙwayar halittar ƙasa ta tsibirin Rapa Nui aka samo shi. Yana toshe furotin mTOR, sai ƙwaya ta tsaya kafin ta fara kwafe gadonta domin rabuwa. Paklitaksel daga ɓawon wani itace na yammacin Amurka ta Arewa aka fara ciro shi; yana ƙame siraran bututun cikin ƙwaya, ta kasa rabuwa biyu.

Eduardo Sousa ya fara dasa matokari mai sirolimus a Sawo Pawlo ta Birazil a ƙarshen 1999. Gwajin RAVEL, wanda Marie-Claude Morice ta jagoranci bugawarsa a 2002, ya ƙunshi mutum 238: bayan wata shida ba a sami sake-tsukewa ko ɗaya ba cikin masu sirolimus, alhali ta kai kashi 26,6 cikin masu ƙarfe tsirara. SIRIUS a 2003, da mutum 1058 masu ciwo mafi wuya, ya ba da 8,9 da 36,3. TAXUS IV a 2004, na paklitaksel, da mutum 1314, ya ba da 7,9 da 26,6. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Cypher a 2003, da Taxus a 2004, kuma cikin ƴan shekaru suka mamaye ɗakunan aikin zuciya na ƙasashe masu arziki.

5. Abin da nasarar ta ɓoye

Maganin da ya hana ƙwayoyin tsoka rabuwa bai san bambancinsu da ƙwayoyin shimfiɗar ciki ba. Yana jinkirta duka biyun. Ga kuma polimer da ba ya narkewa: a Cypher mafi yawan maganin yakan fita cikin wata ɗaya, polimer ya zauna har abada, a Taxus kusan kashi 90 na paklitaksel yana maƙale cikin polimer. Sandunansu kuma masu kauri ne, mikron 130 zuwa 140.

Alamu sun fara bayyana a 2004. Renu Virmani ta bayyana gawar majinyacin da ya mutu da gudan jini wata 18 bayan dasa Cypher, bangon jijiyarsa cike da kumburi irin na ƙin baƙon abu kewaye da polimer. A shekarar, mujallar Lancet ta kawo labarin mutum huɗu da matokaransu suka toshe kusan shekara ɗaya bayan dasawa, jim kaɗan da dakatar da magungunan hana filaket. Binciken gawarwaki da ƙungiyar Virmani ta buga a 2006 da 2007 ya nuna fibirin da bai gushe ba, da sanduna tsirara watanni da yawa bayan lokacin da ƙarfe marar lulluɓi ya saba rufewa, kuma yawan sandunan da ba su rufu ba shi ne ya fi komai nuna inda gudan jini zai tashi.

A babban taron likitocin zuciya na Barselona a 2006 aka tayar da maganar a fili, hankula suka tashi, amfani da waɗannan matokarai ya ragu. Ƙididdigar asibitocin Bern da Rotardam, ta mutum fiye da 8000, wadda aka buga a 2007, ta nuna toshewar jinkiri tana ci gaba da kashi 0,6 cikin ɗari kowace shekara har shekara uku, ba alamar tsayawa. Sai aka tsawaita shan asfirin da kulopidogirel zuwa shekara ɗaya aƙalla, wanda shi ma yana da kuɗinsa: zubar jini, da wahalar yi wa majinyaci wata fiɗa idan ta taso.

Me ya hana a gani tun farko? Dalili biyu muke gani. Na ɗaya, jijiyar lafiyayyen alade takan warke cikin kimanin mako huɗu, ta tsoho mai kitse a bango kuwa watanni take ɗauka. Na biyu, gwaje-gwajen farko sun auna faɗin hanya a wata shida zuwa tara, kuma hoton jijiya ba ya bambanta bangon da ya warke da bangon da bai fara warkewa ba. Sifilin RAVEL ya haɗa su duka biyun.

6. Gyaran da aka yi

Zubi na biyu bai yar da dabarar ba, ya gyara sassanta uku. Aka bar ƙarfe marar tsatsa aka koma gaurayen kobalt da kurom, mai ƙarfin da ya ba da damar siranta sanduna zuwa mikron 81 a Xience, wanda Amurka ta amince da shi a 2008. Siririyar sanda ba ta dagula gudun jini sosai a gefenta, shimfiɗar ciki kuma ta fi saurin haye ta. Aka koma ga dangin sirolimus, irin su eberolimus da zotarolimus, aka bar paklitaksel a jijiyoyin zuciya. Aka kuma zaɓi polimer mai fuliyor, wanda ke jawo albumin ya riƙe shi, filaket kuwa ba su kama albumin yadda suke kama fibirinojen.

Sakamakon ya juya tsohon zato. A gwajin EXAMINATION na 2012, kan mutum kusan 1500 masu anfarktus, tabbatacciyar toshewa cikin shekara ɗaya ta kasance kashi 0,5 da matokari mai eberolimus, 1,9 da ƙarfe tsirara. Ke nan polimer ɗin da aka zarga a 2006, idan aka dace da irinsa, yana kare jini daga ƙarfe. Gwajin NORSTENT na ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2016 da mutum 9013, ya sa ma'auni a kan murnar: bayan shekara shida sake aiki ya kasance 16,5 da masu magani, 19,8 da marasa magani, toshewa 0,8 da 1,2, amma mutuwa da anfarktus ba su bambanta ba. Ribar lulluɓi mai magani ita ce rage komawa asibiti. Tsawaita rai ba a nuna shi ba a wannan gwaji. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2018 sun fifita sabbin matokarai masu magani a kan marasa magani a kowane hali. Cypher kuwa an daina ƙera shi a 2011.

7. Sauran hanyoyi

Tunda polimer ba shi da aiki bayan magani ya ƙare, wasu suka yi shi da asid polilaktik, mai narkewa cikin watanni ya zama ruwa da iskar karbon, suka kuma shafa shi a gefen da ke kallon bango kaɗai. Waɗannan sun fi zubin farko, amma da aka gwada su da kyawawan polimer masu fuliyor bambancin ya zama kaɗan. Wasu suka cire polimer gaba ɗaya, suka zuba maganin cikin ƴan ramukan fuskar ƙarfe. A gwajin LEADERS FREE na 2015, kan mutum fiye da 2400 masu haɗarin zubar jini, BioFreedom da wata ɗaya kacal na magani biyu ya fi ƙarfe tsirara aminci da inganci.

Akwai waɗanda suka bi ta ɗaya gefen, watau gaggauta warkewa. Matokarin Genous an lulluɓe shi da furotin mai kama ƙwayoyi masu alamar CD34 daga jini, da fatar su zama shimfiɗar ciki. Sanduna sun rufu da wuri, amma tabo bai ragu ba, sake-tsukewa ta fi ta masu magani. Wannan shi ne kishiyar matsalar Cypher.

Mafi girman buri shi ne matokarin da zai narke dukansa. Absorb, na asid polilaktik, an tsara shi ya ɓace cikin kimanin shekara uku. Amma polimer bai kai ƙarfe ƙarfi ba, dole sandunansa suka kai mikron 150 da ɗoriya, watau aka koma kaurin da ISAR-STEREO ya yi gargaɗi a kai. A gwajin AIDA na ƙasar Holand, 2017, toshewa cikin shekara biyu ta kai kashi 3,5, alhali ta Xience 0,9 ce. A shekarar kamfanin ya janye shi daga kasuwa.

8. Kammalawa

Mun ga zinariya da ba ta tsatsa ta ƙara tabo, mun ga maganin da ya share tabo ya bar ƙarfe tsirara, mun ga lulluɓin da ya gaggauta rufewa ya kasa hana tsukewa. Jituwa da jiki ba hali ne na sinadari ɗaya ba. Tana fitowa daga haɗuwar kaurin sanda, irin polimer, yawan magani da lokacin sakinsa, da kuma halin bangon da aka dasa a ciki. Har yanzu da sauran aiki: an gano cewa sabon kitse yana iya taruwa cikin naman da ya rufe matokari, kuma a masu magani yakan fara da wuri, alamar cewa shimfiɗar da ta dawo ba ta kai ta asali aiki ba.

Ga mai karanta rahoton wani sabon lulluɓi, muna ba da shawarar tambaya uku. Da me aka kwatanta shi, da balan, da ƙarfe tsirara, ko da mafi kyawun matokarin lokacinsa? Me aka auna, faɗin hanya a hoto, ko toshewa da anfarktus da mutuwa? Kuma har yaushe aka bi majinyatan, wata shida ko shekara biyar? Heparin ya tsallake ta farko, Cypher ya tsallake ta biyu da ta uku na ɗan lokaci.

Ga majinyaci kuwa, ma'anar duk wannan bayani ita ce magungunan hana filaket su ne ke tsare shi kafin shimfiɗar ciki ta rufe sanduna. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce wata shida ga mai ciwon ƙirji na yau da kullum, wata goma sha biyu bayan anfarktus, ana ragewa zuwa wata ɗaya ko uku ga mai haɗarin zubar jini. Wanda ya dakatar da su da kansa, don tsada ko don ya ji sauƙi, ya cire kariyar a lokacin da mikin yake buɗe. Saboda haka zaɓen matokari bai cika ba sai likita ya san ko majinyacin zai iya samun maganinsa, ya kuma sha shi, har ƙarshen wa'adin.